Katifu Tara na Mai Masauki

Litinin, da hantsi

Yarinyar kantin magani ta ɗaura mini abin awon nan a dantse, ta matsa, ta duba, ta sake matsawa. Ta ce, "Kaka, jininki ya hau sosai." Na ce to a sauko da shi mana, ai aikinku ne. Ta ce in rage gishiri, in rage damuwa. Na ce gishiri na ji, da cokali ake zuba shi. Ita damuwar da wane cokali zan rage ta? Sai ta ce in nemi takarda in riƙa rubuta abin da ke cin raina, wai yana sauke nauyi. Yaran yanzu, komai takarda.

Ga shi na samu ragowar littafin da jikata ta bari da za ta koma makarantar kwana. Ni ban yi makaranta ba. Marigayi mijina ne ya koya mini rubutu don in riƙa sa sunan mai katifa a gefen yadi, kar mu ba wani ta wani. Iyakar karatuna ke nan. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Sana'ata katifa. Ta auduga, ba ta soso ba. In ta kwanta ta yi tauri sai a kawo mini, in farke, in shanya audugar, in buga ta ta tashi, in mayar, in ɗinke. Shekara arba'in da wani abu ina yi, tara daga ciki ba marigayin.

Abin da ke cin raina kuwa, yau kwana shida matar ɗana ba ta gidan nan. Tana gidan yayanta a bayan gada.

Na rubuta. Ban ji wani nauyi ya sauka ba.

Talata, bayan la'asar

Mako guda cif.

'Yar Sanyi nake ce mata tun ranar da ta shigo gidan nan, shekara goma sha tara ke nan. Ko gobara ake yi sai ta gyara ɗankwalinta kafin ta tashi. Ni kuma marigayi Garaje yake kirana. Da na gan ta na ce a raina wannan ba za mu shirya ba. Ashe ita ce za ta tsaya mini.

Katifa mutum ɗaya ba ya gama ta. Farkewa da bugu, wannan ko ni kaɗai zan yi. Amma in aka zo ɗaurin tsakiya, wanda ke hana auduga gudu gefe ɗaya, sai an tsayar da katifar, ɗaya ta soka basilla ta wannan fuska ta ce karɓi, ɗaya ta zare ta waccan fuska ta mayar. Ba kwa ganin juna. Sai dai kowa ta san hannun 'yar'uwarta. Da marigayi nake yi. Bayan an kai shi da kwana arba'in na tsayar da wata katifa, na soka basilla don mantuwa, sai na ji an karɓa ta ɗaya gefen. Ba wanda ya ce mata zo ki tsaya. Ba mu taɓa yin zancen ba har yau.

Laraba, da safe

Dogo, ɗan nawa, ya sha shayi ya tafi garejinsu. Ya gaishe ni, na amsa. Ƙofar kabad ɗin ɗakinsu tana nan jingine a bango yadda ta faɗi. Ba wanda ya ɗaga.

Alhamis, bayan azahar

Na je bayan gada. Mota biyu, ga tafiyar ƙasa.

Matar yayanta ta buɗe mini, ta yi mini gaisuwar da ake yi wa mai kawo mugun labari. Ita kuwa 'Yar Sanyi ta fito ta durƙusa kamar kullum. Ta ɗaura ɗankwali ta sauko da shi ya rufe kunnuwa, ga zafin nan. Ban tambaya ba.

Na ce, "Ke 'yar nan, gida ya yi faɗi."

Ta ce, "Inna, ki sha ruwa."

Na ce na san an ɓata miki, amma shekara goma sha tara ba kwana goma sha tara ba ce. Ta ce, "Inna, ƙafarki ta kumbura. Kina shan maganin?"

Awa biyu na yi. Duk ƙofar da na taɓa sai ta miƙo mini kofin ruwa. Na sha kofi uku na taho.

Juma'a, da yamma

Uwar Biyu, maƙwabciyata mai wanki, ta leƙo ta katanga. Ta ce, "Yaya, kin rame." Na ce ke kuma kin ƙara, sai a raba mana daidai. Ta ce in cire hannuna, maganar miji da mata ba ta tsohuwa ba ce. Na ce ke da kika binne miji ɗaya kika kori biyu, ke za ki koya mini zaman aure? Ta ce, "Shi ya sa nake barci har da minshari, ke kuma kina zagaye tsakar gida kamar kazar da aka kwashe wa ƙwai."

Gaskiya ta faɗa. Tun asuba nake zagaye. Na share inda na share. Na wanke tukunyar da ba a yi girki da ita ba.

Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya

Mai masaukin baƙi na kusa da tasha ya zo. Katifu tara gare shi, duk sun zama kamar dakali, wai baƙi na ƙorafi. Yana so a gama cikin wata guda.

Da hankalina, da ƙafar nan tawa, da ba ni da mai karɓar basilla, abin da ya kamata in ce shi ne a'a.

Na ce ya kawo.

An jibge su a rumfa har sun kusa taɓa kwano. Ina kallonsu ina jin daɗi kamar na ci gado. 'Yar Sanyi ba za ta iya ganina cikin kunya ba. In ta zo don katifa, sai ta ga ɗakinta. In ta ga ɗakinta, sai zuciya ta yi sanyi. Ni dai in ta shigo ƙofar nan, sauran aikin bakina ne.

Lahadi, bayan la'asar

Na koma bayan gada. Na ce mata na karɓi aiki ban yi tunani ba, bayana ya riƙe, mutumin kuma zai tozarta ni a unguwa. Rabin maganar gaskiya ce.

Ta ce, "Inna, tara?" Na ce tara. Ta ce, "Kuma ba ki yi tunani ba?" Na ce tsufa ne.

Ta ce za ta zo. Amma sai ya fita za ta shigo, kuma kafin ya dawo ta tafi. Ɗakin can ba za ta shiga ba, ko tsintsiya ce a ciki in ɗauko mata.

Na ce na yarda. Me zai hana in yarda.

Litinin, da yamma

Ta zo.

Mun farke biyu. Tsakar gida ta yi fari fat, auduga na tashi tana sauka a gira. Na tuna marigayi, shi da yamma sai ka ce tsohon da ya shekara ɗari, in ya wanke fuska sai ya dawo saurayi. Yakan ce ni kaɗai ce matar da ke kwana da miji biyu ba a ce mata komai ba. Mutum ne mai wauta in ya so.

A cikin katifa ta biyu mun tsinci mataji da rabin hoton wata mata. Mutane ba abin da ba sa turawa cikin katifa. Marigayi yana da gwangwanin da yake tara irin waɗannan: makullai, 'yan kunne ɗai-ɗai, haƙorin yaro, wasiƙar da ba a aika ba. Ya ce in mai abu ya zo nema a ba shi, in bai zo ba kar a tambaye shi. Gwangwanin na nan. 'Yar Sanyi ta ɗauko shi da kanta ta jefa hoton, ta san inda yake.

Na yi mata shinkafa. Ta ci. Na ce Dogo ya rame. Ta ɗauki kwanonta ta je ta wanke.

Talata, da yamma

Na ce mata ko don 'yarki, jikata da ke makaranta, in ta dawo hutu ta tarar da me? Ta ce, "Inna, miƙo zaren."

Saura takwas.

Laraba, da yamma

Yau na yi ɓarna.

Muna ɗaurin tsakiya, tana can gefe ina nan. Da ba na ganin fuskarta sai bakina ya samu ƙarfi. Na ce haƙuri ake yi, kowace mace da kika gani da abin da ta haɗiye. Na ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma a baki ɗaya suke kwana.

Na soka basilla, ba a karɓa ba. Ta zagayo ta tsaya a gabana. Ban taɓa ganin ta yi sauri ba sai yau.

Ta ce, "Inna, a saɓanin nan haƙori ya taɓa jin ciwo?"

Na sauke hannu daga katifar.

Ta ce, "Don ke nake zuwa. Ba don shi ba, ba don katifa ba. Na san dalilin da ya sa kika karɓi tara. In kika sake yi mini maganar nan ko sau ɗaya, wallahi ƙafata ba za ta ƙara taka gidan nan ba, kuma in kin zo can zan ce a ce ba na nan."

Ta wanke hannu ta tafi, basilla na tsaye a cikin katifa.

Alhamis, azahar

Ba ta zo ba.

Juma'a, azahar

Ba ta zo ba. Duk motsin ƙofa sai na miƙe. Sau ɗaya akuya ce, sau ɗaya mai karanta mitar wuta.

Kaina kamar ana daka a ciki. Na sha ƙwayar da aka ba ni.

Sai yanzu na gane abin da na sa a caca. Ni ina neman in dawo wa Dogo da mata, ban lura ba ni ce zan rasa 'ya. Wadda ta san ba na son shayi da zafi. Wadda ta yanke mini farcen ƙafa shekara tara tun da na daina kaiwa. Wadda ta riƙe kan marigayi ranar da ni na kasa shiga ɗakin.

Juma'a, bayan la'asar

Na tuna shekarar da katifar soso ta shigo gari. Wata uku ba wanda ya kawo mana ko matashin kai. Ni ina zagaye kamar yadda nake yi yanzu, ina cewa mun mutu, me za mu ci, yaro zai bar makaranta. Marigayi ya ɗauko katifarmu ta kwana, lafiyarta lau, ya farke ta. Ya ce, "Garaje, zo ki zauna." Ya ba ni allura. Ya ce, "Daga nan zuwa ƙarshen layin nan ki damu iyakar ƙarfinki, kar ki rage komai. In kin kai ƙarshe ki ƙulle zare, ki ƙulle da ita, mu sha shayi. In kin ga ta dawo, ga wani layin."

Na ce wannan haukan a ina ka koyo? Ya ce a wurin zama da ke.

Katifar nan sau huɗu muka farke ta muka ɗinke a shekarar. Daga baya masu ciwon baya suka gane soso ba abokinsu ba ne, suka dawo ɗaya bayan ɗaya suna sosa ƙeya.

Yau na gwada. Na ɗauki rigar katifar mai masauki na bi layi guda ina damuwa da gangan. Na ƙulle. Ba ta tafi ba. Na bi na biyu. A na uku sai na ga ina tunanin ko akwai sauran sukari. Ba ta ƙare ba, amma ta gaji kafin ni.

Asabar, da yamma

Ta zo. Ta gaishe ni, ta zagaya bayan katifar, ta zare basillar da ta bari tun Laraba, ta mayar mini.

Ban ce komai ba. Na ciji leɓe har ya yi jini, amma ban ce komai ba.

Litinin, da yamma

Ban ce komai ba. Saura shida.

Uwar Biyu ta ce ko an yi mini allurar baki ne, kwana biyu ba ta ji ina wa'azi ta katanga ba. Na ce ki ji da wandunan mutane.

Laraba, bayan la'asar

Na ce audugar ta huɗu ba ta sha rana sosai ba, a bar ta sai gobe. 'Yar Sanyi ta damƙa ta ji, ta bushe ƙarau har tana ƙara. Ta dube ni. Ta ce, "To Inna, a bar ta."

Ta san jan aikin nake yi. Na san ta sani. Muka zauna a inuwa ba aikin komai, ta tsefe mini kai.

Na ba ta labarin ranar da Dogo ya ɓata yana ɗan shekara uku. Mun zagaye unguwa, uban ya je har bakin kwata yana leƙawa, ni na yar da ɗankwali a titi ina ihu. Ashe yana cikin tulin auduga a rumfar nan yana barci, ƙafa ɗaya kawai ta leƙo. Uban ya ɗauko shi fari fat, ya rasa dariya zai yi ko kuka. Bai ko ɗaga masa murya ba. Mutumin nan har ya koma ga Allah ban ga ya ɗaga hannu ya doki wani abu ba in ba auduga ba.

Da na kai nan sai na ji hannunta ya tsaya a kaina. Na ce ba roƙo nake yi ba, labari ne. Ta ce, "Na sani, Inna." Ta ci gaba da tsifa.

Ban san inda yaron cikin audugar nan ya tafi ba.

Alhamis, da yamma

Yau mun juya katifar saboda rana, sai 'Yar Sanyi ta koma tsaye ta ɗaya hannun, gefenta na hagu yana wajena. Na soka na ce karɓi. Shiru. Na ce karɓi. Shiru. Na ɗaga murya, ke 'Yar Sanyi! Sai ta ce, "Na'am, Inna, kin yi magana?"

Na zagaya. Iska ta ture ɗankwalin baya. Ta yi maza ta ja shi.

Na ce tun yaushe? Ta ce tun ranar da ta bar gidan nan. Na ce likita fa? Ta ce ya duba, ya ce wataƙila ya dawo, wataƙila.

Ta ce, "Mu koma yadda muke ɗazu, ta dama ina ji sarai."

Muka juya katifar. Muka gama ta. Ɗaurin ya yi kyau.

Juma'a, da hantsi

Yarinyar kantin ta ce in rubuta abin da ke cin raina. To ga shi.

Talatar da ta bar gidan nan ina tsakar gida ina bugun auduga, rana tsaka. Bangon ɗakinsu bulo ɗaya ne. Na ji. Na ji dukan, na ji kabad ɗin ma. Na ƙara wa sanda ƙarfi.

Kuma ba ranar na fara ba. Shekaru. Duk sanda aka fara sai in ga ina da audugar da ke son bugu. Mutane suna cewa ba a samun katifa mai laushin tawa.

In ta fito ido jawur sai in ce mata miƙo zaren.

Shi ke nan. Ba zan sake rubuta wannan ba.

Asabar

Mun yi aiki. Saura huɗu.

Lahadi, azahar

Dogo bai fita ba. Ya zo ya tsuguna a bakin rumfa inda nake tsince datti daga auduga. Ya daɗe yana wasa da zare. Hannunsa na ubansa ne sak, har ɗan yatsan nan mai lanƙwasa. Na kau da kai.

Ya ce, "Inna, na san tana zuwa."

Na ce tana zuwa.

Ya ce, "Ki sa baki mana. Maganarki take ji."

Na ce da wanne kunnen?

Ya sunkuyar da kai. Ya ce sharrin zuciya ne, aiki ya yi masa yawa, mai garejin na matsa masa, ba zai ƙara ba. Na ce na ji irin wannan ta bango sau nawa. Na ce ubanka ya yi wata uku ba aiki, katifa ya farke.

Ya ce, "Yanzu ke Inna, ɗanki za ki bari ki bi bare?"

Na ce ban bar ka ba. Ni na haife ka, ba inda zan kai ka. Abincinka na nan, in ka yi ciwo ni zan zauna a kanka. Amma aiken nan ba zan je ba. Na yi mako uku ina ɗauke da shi, ya kusa fasa mini kai, kuma tun farko ba kayana ba ne. Takardarta take nema, ka ba ta.

Ya yi kuka. Mutum mai furfura a gemu. Hannuna ya tashi zai dafa kansa, na mayar da shi cikin auduga. Daga baya na dafa.

Litinin, da hantsi

Na kwanta bayan sallar asuba sai ga rana a fuskata. Rabon da in makara tun marigayi na da rai. Uwar Biyu ta buga katanga ta ce ta zaci na mutu, har ta fara tunanin wa zai gaji bokitina. Na ce ko na mutu ba ke ba.

Na biya kantin magani. Yarinyar ta ce jinin ya ɗan sauka, ba sosai ba. Ta ce rubutun ne ya yi aiki. Na bar ta da daɗinta.

Laraba, da yamma

Saura biyu. Na daina cewa auduga ba ta bushe ba.

In abin ya taso mini, yarinyar makaranta, bakin mutane, wa zai kula da Dogo in na tafi, sai in ɗauki layi guda. Wata rana layi ɗaya ya isa. Jiya sai da na yi biyar.

Juma'a, bayan la'asar

Yayan 'Yar Sanyi ya zo da dattawa biyu. Suka zauna da Dogo a falo. Ban shiga ba. Ban kuma ɗauki sanda ba, na zauna a bakin ƙofa na ji komai da kunnena.

Ba a yi hayaniya ba. Can aka ce ana neman biro. Ba wanda ke da shi. Na ba su wannan da nake rubutu da shi.

Da za su tafi yayan ya tsaya ya gaishe ni da kyau, karo na farko.

Jikata kuma uwarta ta ce ita za ta je makarantar ta gaya mata da bakinta. Na ce haka ya fi.

Asabar, da safe

Dogo ya ɗaura ƙofar kabad kafin ya fita. Ya karkace ta, amma ya ɗaura.

Ba ta zo ba yau. Ban miƙe don akuya ba. Na jiƙa ƙafata a ruwan ɗumi na ji rediyo.

Talata, da yamma

Mun gama ta tara.

Mai masauki ya turo mota aka kwashe. Rumfa ta zama fili, sai ƙura da 'yan zarurruka. Muka share tare. Ta wanke hannu, ta wanke fuska, ta gyara ɗankwali, ta sake gyarawa. Na ga dai ba ta da niyyar kaiwa ƙofa.

Ni kuma na riga na shirya. Na ce a raina aiki ya ƙare, takarda ta fita, ba abin da ya rage da zai kawo ta gidan tsohon miji. Ba zan roƙa ba, ba zan ƙirƙiro wata katifa ba. In ta tafi ta tafi da alheri, ta yi mini abin da 'yar cikina ba lalle ta yi ba.

Ta tsaya ta juyo mini da gefen dama. Ta ce, "Matar yayana ta ce wai yanzu bai dace in riƙa ce miki Inna ba, tunda abin ya ƙare. Wai me zan riƙa ce miki?"

Na ce shekara goma sha tara me kike ce mini?

Ta ce, "Inna."

Na ce to a takardar an rubuta har da ni?

Ta yi dariya, ta share ido da bakin mayafi. Ni auduga ce ta shiga nawa.

Ta kai ƙofa ta dawo. Ta ce, "Ranar Alhamis akwai aiki?"

Bakina ya buɗe zai ce akwai. Ƙarya uku suka zo mini a lokaci guda, kowace da sunan mai katifa. Na haɗiye su. Na ce babu. Ko matashin kai babu.

Ta ce, "To zan zo da hantsi, in ya fita. Kar ki dafa komai, zan taho da burodi."